Awonku da Awonmu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna

Assalamu alaikum.

Ina gaida shugabannin wannan ma'aikata, da na Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, da ungozomomi da nas-nas ɗin da ke tsaye kan mata masu juna biyu tun daga Birnin Gwari har Sanga. Allah Ya saka muku da alheri.

Ni malama ce a sashen kemistiri na wata jami'a a jihar nan. Tun ina ɗalibar digiri na biyu abu ɗaya nake yi: auna ƙarafa masu guba a cikin abin da mutane ke ci da sha, musamman dalma da kadmiyom, wani lokaci da zaiba, wato makuri. Da wannan aikin na yi digirin digirgir, da shi aka yi mini ƙarin girma, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na zauna na yi wa kaina hisabi, ban iya nuna mace ɗaya mai ciki da zan ce aikina ya canza mata wani abu ba.

Ku awo kuke yi, mu ma awo muke yi. Mace ta yi sammako ta ɗauki katinta ta ce ta tafi awo. Ku ɗora ta kan sikeli, ku gwada hawan jini, ku duba fitsari, ku ɗebi jini ku ga ko ya yi ƙasa, ku saurari bugun zuciyar abin da ke cikinta. Ni kuma in sayi alayyahu ɗauri biyar, in busar, in niƙa, in narkar da garin a cikin asid, in ɗura wa na'ura ta faɗa mini dalma nawa ce a ciki. Alayyahun da na auna shi ne a miyar matar da kuka auna. Amma sakamakona yana kan kanta a ɗakin karatu yana shan ƙura, naku yana cikin katinta, kuma ba su taɓa haɗuwa ba.

Na san akwai likitoci a cikinku, amma wasiƙar a buɗe take, don haka bari in faɗi dalilin da ya sa mai ciki ta fita daban. Dalma in ta shiga jiki ba ta daɗewa a cikin jini, cikin wata guda rabinta ya bar shi. Sai dai ba duka ke fita waje ba. Jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyom ce, ya kai ta ƙashi ya adana, har fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babban mutum a ƙashi da haƙora take, kuma tana iya yin shekaru masu yawa a can. Ranar da mace ta samu ciki, ɗan tayi na buƙatar kalsiyom don ya gina nasa ƙashin. Idan abincin uwa bai wadatar ba, jikinta zai buɗe rumbun ƙashinta ya ɗebo, dalmar da aka ɓoye tun tana 'yar yarinya ta biyo ayari. Mabiyiya ba ta tare ta. Ta wuce ta isa ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa. Ga uwa akwai haɗarin hawan jini lokacin ciki, ga ɗa akwai haihuwar bakwaini da rashin nauyi, sannan abin da ya fi ɓuya, wato raunin fahimta wanda ba zai bayyana ba sai ya shiga aji an fara ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Da can likitoci sun ɗauka mabiyiya katanga ce. Garin Minamata na Japan ya rushe wannan zato. Bayan an gano cutar da gubar makuri ta haifar a can a 1956, an ga matan da suka ci kifi mai makuri, su kansu alamun cutar kaɗan ne a jikinsu, amma suka haifi 'ya'ya masu mummunar nakasar ƙwaƙwalwa. A Toyama kuma, can dai Japan, kadmiyom daga ruwan ma'adinai ya shiga gonakin shinkafa, kuma waɗanda ƙasusuwansu suka fi rugurgujewa su ne matan da suka yi haihuwa da yawa. Duk sanda na karanta wannan wa ɗalibai sai in tuna gwaggonnina masu haihuwa tara da goma.

Ba ma sai mun je Japan ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar da yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Dutsen zinare mai dalma ake kawowa gida a daka a niƙa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe ake kuma sussuka. Aƙalla yara 400 suka rasu. Na'urar gwajin da aka kai tana tsayawa ne a maikirogiram 65 cikin desilita na jini, yara da yawa sun zarce inda take iya karantawa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Birnin Gwari tana iyaka da jihohin nan biyu, kuma ita ma ana haƙar zinare a cikinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi da naka. Sannan a yi wannan lissafin: yarinyar da take shekara huɗu a Bagega a 2010, ta tsira da ranta, yau ta isa aure. Aure da gudun hijira kuwa ba sa tambayar iyakar jiha. Tana iya zama a kan bencin awo a Rigasa ko Mando gobe da safe, da abin da ta shaƙa tun tana goyo kwance a ƙashinta, ba wanda zai sani.

To amma ni abin da ya fi damuna ba irin na Zamfara ba ne, mai zuwa da jijjiga da gawarwaki har duniya ta ji. Na cikin gari shiru yake zuwa, kaɗan-kaɗan, ta hannun masu ƙaunarka.

Ranar sunan ɗana na fari, ina zaune a ɗaki an gama yi mini wankan jego, uwar mijina ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar tandu ta fata wadda ta yi baƙi saboda tsufa, ta zura mazizari, ta buɗe idon yaron da ɗan yatsa ta rambaɗa masa. Ta ce, "Kin ga yanzu ya zama mutum. Wannan na dutse ne, na asali, ba na kanti ba." Ni kuwa na san mene ne na dutsen. Wannan baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, ma'adinin dalma ne tsagwaronsa. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu jariri ɗan 'yan Najeriya da dalma ta hau masa a jini, da aka bi sawu aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan. Duk na san wannan, na ma koyar da shi. Amma na sunkuyar da kai na ce, "An gode, Hajiya." Ɗan fari ne, akwai kunya, ga mata cike da ɗaki. Da dare na goge masa da auduga, washegari ta sake sa masa. Da a ce ungozomar asibiti ce ta faɗa a gaban matan awo cewa a bar kwallin dutse ga jarirai da masu ciki, da Hajiya ta ji, don tana ganin girman farar riga fiye da digirin surukarta. Daga ranar na fara gane cewa bakin da zai isar da abin da na sani a hannunku yake.

Haka tukunya. Mu da bakinmu muke ce mata tukunyar dalma, alhali alminiyam ce, sai ga shi sunan ya kusa zama gaskiya. Maƙeran da ke zuba ta, a Panteka da sauran wurare, gwanaye ne, kuma ba su da niyyar cutar kowa. Amma kayan da suke narkawa gwangwan ne, sassan inji da lagireto da duk abin da ya samu, ba su kuma da hanyar sanin me ke ciki. Binciken da aka yi kan irin waɗannan tukwane a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna wasunsu na sakin dalma idan an dafa abu mai tsami. Mu kuwa girkinmu tsamiya ce da yakuwa da tumatir da zoɓo. Ga farar ƙasa da mai ciki ke ƙullewa a gefen mayafi tana gutsira. Hukumomin abinci na Ingila da Amurka sun taɓa gargaɗi kan irin wadda ake kai musu daga Afirka ta Yamma saboda dalma da gubar asenik. Kwaɗayin cin ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, kuma hanjin mai ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke gina jini, ya fi tsotsar dalma, wato mai rauni ita ce ke ɗiba da yawa. Ga man bilicin mai makuri. Ga mai gidan da ke fasa tsofaffin batura ko walda, ya dawo da ƙurar a rigarsa, matarsa ta wanke da hannu.

Sai lambu, inda na ƙarar da ƙuruciyar aikina. Duk wanda ya bi bakin Kogin Kaduna da rani ya ga koren alayyahu da latas da kabeji, wasu ana ba su ruwan kogi, wasu ruwan magudanun da suka ratso Kakuri da Makera da bayan gidaje. Yawancin masaƙun Kakuri sun daɗe da rufewa, an kuma daina sa dalma a fetur a ƙasashen kudu da Sahara tun kafin 2006 ta yi nisa. Amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ya kwanta a laka da ƙasar bakin titi yana nan. Dalmar da ke kan ganye galibi ƙura ce, wanki mai kyau yana rage ta sosai. Kadmiyom kuwa ta saiwa yake shiga, ko an wanke sau goma yana ciki. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyakar miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyom a kilo guda na ganye. Takardun da aka rubuta kan lambunan Kaduna da Zariya da Kano suna da yawa, wasu sun ce an haura iyaka, wasu sun ce ba a haura ba.

A nan ne zan faɗi laifinmu. Mun auna alayyahu har alayyahun ya gane mu. Kowace shekara ɗalibin aji huɗu zai je kasuwa ya sayo ganye, ya biya kuɗin gwaji daga aljihun babansa, ya samo lambobi, ya rufe da cewa ya kamata gwamnati ta ɗauki mataki. A buga, a yi bango, a jera. Sau da yawa ba a gwada na'urar da samfurin da aka riga aka san adadinsa ba, balle a san ko gaskiya take faɗa. Ni ma na sa hannu a kan irin waɗannan. Me ya sa alayyahu? Domin ba ya buƙatar izinin kwamitin ɗa'a, ba ya buƙatar likita, ba ya tambayar ka sakamako. Kuma tsarin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa, bai taɓa tambayata wa ya amfana ba. Na'urar AAS mai harshen wuta da ake samu a yawancin sassanmu tana iya ganin dalma a ƙasa da ganye, amma ba ta da kaifin ganin ɗan abin da ke cikin jini, wannan sai na'urorin da suka fi ta kaifi, irin mai murhun girafayit ko ICP-MS. Tamu ma ta taɓa yin fiye da zangon karatu a lulluɓe da leda saboda ƙaramar fitila guda da ta mutu. Na taɓa tara samfura na watanni a firiza, aka ɗauke wuta kwanaki, na buɗe na tarar da ruwa da wari. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don ku gane yadda mai na'ura ya rasa majiyyaci, mai majiyyaci ya rasa na'ura, kowa ya yi abin da ya sawwaƙa gare shi.

Abin haushin, jihar nan ba matalauciya ba ce a wannan fanni. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ake amfani da shi wajen gano sinadarai da yawa a samfuri. Akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Basawa, akwai ɗakin gwajin NAFDAC a cikin garin Kaduna, akwai asibitocin koyarwa a Shika da Barau Dikko, ga KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, ga kwalejin kimiyya da fasaha. Ku kuma kuna da abin da duk ba mu da shi: cibiyoyin lafiya a mazaɓu 255, da matan da ke zuwa da ƙafarsu kowane mako.

An yi irin wannan haɗin a wani wuri ya yi aiki. A karkarar Bangaladash masu bincike daga Jami'ar Stanford da takwarorinsu na ƙasar sun fara ne da jinin mata masu ciki, suka ga dalma ta yi yawa a wurin da babu masana'anta. Suka bi gida-gida suna auna ƙasa da shinkafa da gwangwani da kayan miya, har suka cafke ɓarawon: kurkum ne, wanda masu sarrafa shi ke shafa wa rawayan fenti mai dalma don ya yi kyau a ido. A 2019 hukumar abincin ƙasar ta shiga kasuwanni da na'urar gwaji ta hannu, ta yi shela, ta ci tara. Kurkum mai dalma a kasuwannin da aka bibiya ya sauko daga kashi 47 cikin 100 zuwa sifili a 2021. Da sun fara da auna ganye kamar mu, da har yanzu suna auna ganye.

Roƙona ke nan, kuma ba sabon gini nake nema ba. Ku zaɓi cibiyoyin awo kaɗan, wata a yankin haƙar zinare inda tsaro ya bari, wata kusa da lambunan bakin kogi, wata a unguwar makanikai da masu batura, wata kuma inda ba a zargin komai don a samu abin kwatance. Da yardar mace, a ƙara gwajin dalma a kan jinin da dama ake ɗiba. Akwai na'urar tafi-da-gidanka da ke ba da amsa cikin 'yan mintuna daga ɗigon jinin yatsa, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, wanda ya fito da yawa a tabbatar da shi da jinin jijiya a babban ɗakin gwaji. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce daga maikirogiram 5 a desilita a nemo tushen a raba mutum da shi. Nemo tushen aikinmu ne. Ku ba mu izini mu bi matar gida tare da ma'aikaciyar lafiyar unguwa, mu duba tandunta da tukunyarta da rijiyarta da sana'ar mai gidanta. Cikin shekara guda za mu san ko kwalli ne babban mai laifi a Kaduna, ko tukunya, ko lambu, ko kuwa abin bai kai yadda nake tsoro ba. Wannan amsar ta ƙarshe ma ina so, zan yi hamdala in kama wani aikin.

Kafin a kai ga na'ura akwai abin da bai wuce yawun baki ba. A cikin bayanin da ungozoma ke yi wa mata kafin a fara layi, a sa minti biyu kan kwallin dutse da farar ƙasa da man bilicin, da wanke ganye sosai, da cewa mai aikin batir ko zinare ya sauya tufafi kafin ya shigo gida. A tambayi kowace mace sana'ar gidansu a rubuta a kati. Maganin ƙarin jini da kuke bayarwa, ashe kariya ce daga dalma ba tare da an yi niyya ba, haka ma ƙwayar kalsiyom da aka riga aka shawarta don rage jijjigar masu ciki a inda abinci ba ya wadatar da shi. A dai tabbatar ba su yanke ba.

Abu ɗaya nake jin tsoro, kada wasiƙar nan ta sa a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kada wata ta karanta ta daina cin ganye. Mai ciki tana buƙatar alayyahu da zogale da rama, ƙarancin jini kuwa yana kashe mata a gaban idonmu. Kada kuma a aika jami'ai su tattake lambun talaka ko su kwashe tukwanen maƙeri a kan lambobin da mu kanmu ba mu gama tantancewa ba. Wanda aka samu gonarsa da matsala a nuna masa ruwan da zai sauya ko abin da zai shuka, maƙeri a koya masa gwangwan ɗin da zai ware.

Akwai wani dattijo mai lambu a bakin kogi da na yi shekara uku ina zuwa wurinsa ɗibar samfuri. Bai taɓa karɓar kuɗin ganyen ba. Ranar zuwana na ƙarshe, yana tsaye laka har ƙauri, ya cika mini leda da latas ya ce, "Malama, wannan na yara ne, ba na awo ba. Amma in kin gano wani abu a ƙasar nan ki dawo ki faɗa mini, 'yata ma daga nan take ci, kuma tana da juna biyu." Na ce masa, "In sha Allahu, Baba." Takardar ta fito da Turanci a wata mujalla da ko ni sai na biya kafin in buɗe ta. Ban koma ba. Jikan nasa yanzu ya isa shiga firamare.

Ina da ɗalibai mata uku a matakin digiri na biyu. Ɗaya ta tambaye ni kwanaki, "Malama, in na gama wannan, ni ma alayyahu zan ci gaba da aunawa?" Ban ba ta amsa ba tukuna. Su ukun suna jin Hausa, ɗaya tana jin Gbagyi, ɗaya tana jin Fulatanci, sun iya zama da mata a tsakar gida, sun kuma iya riƙe na'ura. Idan kuka buɗe mana ƙofar cibiya ko da guda ɗaya ce, za mu bi ta kwamitin ɗa'arku yadda doka ta tanada, sakamakon kuma ku za ku fara gani, da Hausa, kafin kowace mujalla.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar kemistiri,
Kaduna.